Bene da Haƙƙin Maƙwabci

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, darasinmu na wannan makon a kan dogayen gine-gine ne. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a shekarar 2011, gari ya ƙara cika, ana ta gina ofisoshi da shaguna. Idan fili ya yi wuya, sai mai gini ya ɗora bene. Yadda ake yi a Dutsin-Ma, haka zai iya faruwa a Kurfi. To, yaya bene yake shafar maƙwabta?

Na farko shi ne sirri. A tsakar gida iyayenmu mata suke girki da wanki, kuma sau da yawa makewayi ba shi da rufi. Katanga tana tsare idon mai wucewa, amma ba ta tsare idon wanda ke hawa na biyu. Shi ya sa malaman Malikiyya suka daɗe da hana buɗe tagar da ke leƙen gidan maƙwabci.

Na biyu shi ne inuwa. A watan Disamba rana tana karkata kudu. A yankinmu, da tsakar rana, ginin da ya kai mita 10 yana jefa inuwar kusan mita 7 wajen arewa. Ke nan gidan da ke arewa da shi zai rasa rana a lokacin hunturu, sa'ad da ake son ta don shanya da jin ɗumi. A watan Yuni kuwa inuwar ba ta wuce mita 2, kuma kudu take faɗawa. Kowa zai iya gwadawa: a kafa sanda mai mita 1 a filin makaranta, a auna inuwarta da ƙarfe 12:30.

Na uku, ruwan sama daga dogon rufi yana cin katangar ƙasa.

Ga hanyoyin rage cutarwa:

1. A bar tazara tsakanin bene da katangar maƙwabci.
2. A ja hawan sama baya, ya fi na ƙasa ƙanƙanta, don inuwa ta ragu.
3. Tagogin da ke fuskantar gidaje a ɗaga su sama da tsayin mutum, ko a sa gilashin da ba a gani ta cikinsa. Manyan tagogi su dubi titi.
4. A juya indararo zuwa magudanar ruwa.
5. A dasa itatuwan bedi a kan iyaka.
6. A kai zanen gini ga Hukumar Tsara Birane ta Jihar Katsina kafin a haƙa harsashi, a kuma sanar da mai unguwa da maƙwabta.

Gyara taga a kan takarda aikin fensir ne, amma bayan an zuba dakin sai da guduma. A cikinmu akwai injiniyoyi da magina na gobe. Idan lokacinmu ya zo, mu fara tambaya: wa ke zaune a bayan katangar nan?