Kafin Ka Ƙara Wa Kyamararka Ido

Ɗana, tun ranar da ka zo shago ka nuna mini hotunan gilasan nan a wayarka, kana tambayata wanne za ka saya, nake juya maganar a raina. Na ga zumuɗinka, na kuma ji daɗinsa, domin sana'ar hoto tana son mai ƙishirwar koyo. Amma kuɗin nan da gumi ka tara su. Shi ya sa na zauna na rubuta maka abin da shekaru suka koya mini, kai da 'yan'uwanka masu yawo da kyamara a gidajen biki a garin nan na Potiskum.

Ka fara da sanin abin da ke hannunka. Akwai kyamarar da ake kwance idonta a ɗaura wani. Akwai kuma irin taka, wadda aka ƙera ta da idonta a manne, kamar yawancin Canon PowerShot da Nikon Coolpix da Sony Cyber-shot. Ita ba a sauya mata ido, sai dai a ɗora mata wani gilashi a gaba, kamar yadda dattijo ke sa tabarau. Gilashin ƙarin nan iri biyu ne, mai jawo nesa kusa da mai faɗaɗa gani, kuma kowanne da lamba a jikinsa. In lambar ta haura 1, kamar 1.4 ko 1.7, mai jawowa ne. In ta gaza 1, kamar 0.7 ko 0.8, mai faɗaɗawa ne. Lissafin ninki ne kawai. Idon da ke tsayawa a milimita 200, in ka sa masa 1.7 ya kai 340. Idon da ke farawa daga 35, in ka sa masa 0.8 ya dawo 28.

Dubi yadda kamfanin Fujifilm ya yi da kyamararsa X100 da ya fitar a 2011. Idonta daidai yake da milimita 35, ba ya gaba ba ya baya. Daga baya ya ƙera mata gilasai biyu, ɗaya 0.8 mai mayar da ita 28, ɗaya 1.4 mai kai ta kusan 50. Ka lura da ƙanƙantar lambobin. Masu sanin aikin gilashi kaɗan suke ƙarawa, don hoto ya fita garau. Saboda haka in ka ga kwali yana alƙawarin ninki uku ko huɗu a kuɗin da bai kai na ɗinkin riga ba, ka ja baya. Araha ba ta ado.

Sai ka tambayi kanka, wane aiki ne ke ciyar da kai? In yawancin kiran da ake maka na ɗakin amarya ne, inda gado da kabad da jeren kwanuka suka cinye wuri, ka ja baya har ka jingina da bango amma ƙawaye ba su shiga hoto duka ba, to mai faɗaɗawa kake bukata. Haka in walimar saukar Alƙur'ani ce, ɗalibai sun yi layi a tsakar gida mai ƙunci. In kuwa zuciyarka na wajen hawan Sallah, kana so ka kamo fuskar mahayi da adon dokinsa a ƙofar fadar Sarkin Fika alhali cincirindon jama'a ya tare ka, mai jawowa ne zai yi maka amfani. A kasuwar shanu kuma, da ake zuwa daga nesa saboda girmanta, dillali kan so hoton bijimi don ya tura wa mai saye a kudu. Nan sau da yawa ba ka bukatar ƙarin komai. Ka taka ka matsa kusa, ka tsaya a gefen dabbar, rana na bayanka. Ƙafarka ta fi kowane gilashi sauƙin kuɗi.

Bayan ka san wanda kake so, ka duba ko zai zauna a kyamararka. A bakin gilashi akwai faɗinsa a rubuce, 52 ko 58 ko makamancin haka, kuma dole ya dace da bakin da za a murɗa shi. Yawancin ƙananan kyamarori idonsu fitowa yake yi ya koma da ɗan injin da ke ciki. Injin nan ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Don haka ake sayar da wani bututu da ake ɗaurawa a jikin kyamarar, shi ne ke ɗaukar nauyin gilashin, ido ya yi ta shige da ficensa a ciki. Kada ka yarda wani ya ce maka a manna da salatif ko a matse da roba. In injin ido ya lalace, kyamarar ce gaba ɗaya ta tafi, tunda ba a raba su.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Shekarun baya na sayo mai faɗaɗawa a wani shago a Kano, an rubuta 0.45 a jikinsa. Ban gwada ba, na dawo da shi kai tsaye na tafi biki. A ɗan allon kyamara komai ya yi kyau. Sai da na wanke hotunan na ga ɓarnar. Bangon ɗaki ya lanƙwashe kamar ƙwarya. Waɗanda ke gefe fuskokinsu sun baje sun yi dishi-dishi, ga wani launi shuɗi-shuɗi ya zagaye farin mayafi. Ƙasan kowane hoto kuma ga baƙar inuwa, domin faɗin gilashin ya tare hasken filashar da ke jikin kyamarar. Uwar amarya ta karɓi hotunan, ta duba, ta ce Allah ya yi albarka, ba ta ƙara ko kalma ba. Na mayar musu da kuɗinsu, amma biki ba ya maimaituwa. Har yau ina jin nauyin ranar a zuciyata, kuma ba na so ka ɗanɗani irinta.

Mai jawowa ma yana da halinsa. In ba ka tura zum ɗin kyamarar zuwa ƙarshe ba, kusurwoyin hoto za su yi duhu, kamar kana leƙe ta cikin bututu. Kuma yadda yake ƙara girman abin da ke nesa, haka yake ƙara girman rawar hannunka. Tsohuwar ƙa'idarmu ita ce, in idon ya kai milimita 340, saurin ɗaukar kada ya gaza kashi ɗaya cikin 340 na daƙiƙa. Da rana tsaka wannan ba wuya. Da yamma ta yi, sai ka nemi sanda mai ƙafa uku, ko ka dafa bango ka riƙe numfashi.

Saboda haka ka tafi da kyamararka wurin saye, gani ya kori ji. Ka ɗauki ginin bulo ko ƙofar shago, inda layuka suke a miƙe. Ka ɗauki rubutun jarida. Ka kunna filasha ka ɗauka a cikin ɗaki. Sa'an nan ka buɗe hotunan a kwamfuta ka dubi kusurwoyi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, don a nan gilashi ke tona asirinsa. Ka haska shi da tocila ka ga ko akwai ƙarce ko fumfuna a ciki, musamman in na hannu ne. In mai kaya ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce. In ka saya kuma, ka tuna da ƙurar hunturun garinmu. Kada ka goge shi da bakin riga, yashi zai zane shi. Ka fara hure ƙurar, sa'an nan ka shafa da ƙyalle mai laushi, ka rufe shi da murfinsa.

Akwai magana ɗaya da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Gilashin da ke jawo nesa yana ba ka ikon ɗaukar mutum bai sani ba. Matar aure a ƙofar gidanta, budurwa a wurin biki, dattijo yana cin abinci, duk za ka iya kamo su daga inda ba su ganinka. Ka ji tsoron Allah a kan wannan. Jama'a suna shigar da mu har cikin ɗakunansu ne don sun amince da mu, kuma wannan amanar ita ce jarin mai hoto. Ka yi sallama, ka nemi izini, in an ce a'a ka sauke kyamara.

Shawarata gare ka, tunda aikin biki ya fi yawa a hannunka, ka nemi mai faɗaɗawa 0.7 ko 0.8 wanda aka yi don irin kyamararka, tare da bututunsa. In bai samu ba, ka riƙe kuɗinka ka ci gaba da tari har ka kai ga kyamarar da ake sauya wa ido. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka taho da kyamarar, mu auna bakinta tare. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'arka albarka.