Hakkin Ɗan Cirani a Kan Wanda Ya Ɗauke Shi Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da zarar an kau da amfanin gona, sai samari su fara kwararowa daga ƙauyuka, da kuma daga Damagaram da Maraɗi da Tawa, su nufi Kano da Kaduna da Ikko neman abin rufin asiri. Su ne 'yan ga-ruwa, su ne masu gadi, da 'yan dako, da leburorin gini. Kusan kowane mai gida a birni yana hulɗa da su, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da shari'a ta ɗora musu game da waɗannan bayin Allah.

Shi dai fita neman aiki a ƙasar da ba ta mutum ba, ba abin kunya ba ne. A cikin Suratul Ƙasas an ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya baro Masar ya isa Madyana baƙo, ba masauki ba guzuri. Dattijon da ya sauke shi ya ɗauke shi aiki, aka yanka wa'adi a fili, watau shekara takwas, in ya cika goma to kyautatawa ce daga gare shi. Dattijon ya kuma yi masa alkawarin ba zai tsananta masa ba. Haka nan lokacin hijira, Manzon Allah da Sayyidina Abubakar sun yi hayar wani mutum, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, don ya nuna musu hanya, alhali kuwa ba Musulmi ba ne. Daga nan malamai suka fahimci cewa bambancin gari ko ƙabila ko addini ba ya hana ɗaukar mutum aiki, ba ya kuma rage masa hakki.

Sharuɗɗan Ijara

Ɗaukar mutum aiki a kan lada shi ne ake kira ijara a fiƙihu. A mazhabar Imamu Malik, ijara ba ta inganta sai an san lada, an kuma san aikin ko tsawon lokacinsa tun kafin a fara. Saboda haka abin nan da wasu ke yi, su ce da yaro ya kama aiki kawai za a gani, ba tsarin shari'a ba ne. In har an yi aikin a haka, to hukuncinsa shi ne a biya shi daidai abin da ake biyan irinsa a wannan gari.

Bayan sanin lada sai gaggauta biya. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin Manzon Allah cewa a sallami ma'aikaci tun jiɓinsa bai bushe ba. Buhari kuwa ya kawo hadisin mutum uku waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aiki cikakke, sa'an nan ya hana shi ladansa. Ɗan cirani ya fi kowa faɗawa cikin wannan tarko, domin mai gida ya san damina na tafe, dole yaron ya koma gona, ba shi da lokacin zaryar kotu. Sai a yi ta ce masa gobe, jibi, har ya gaji ya tafi. Wannan kuɗi bashi ne a wuyan mai gida, tafiyar mai shi ba ta halatta shi. A tuna da hadisin mutum ukun nan da dutse ya toshe wa bakin kogo: ɗayansu ya tsira ne saboda ya juya ladan ma'aikacinsa da ya tafi ya bari, har ya zama garke, da ya dawo ya miƙa masa duka.

Shi ma ma'aikaci akwai hakki a kansa. Amana aka ba shi, wajibi ne ya cika aiki, ya tsare dukiyar ubangidansa, ya kiyaye dokar ƙasar da ya shiga. Amma abin da ya lalace a hannunsa ba tare da sakaci ko ganganci ba, ba a cire shi daga ladansa.

Ko Baƙo Yana Kashe wa Ɗan Gari Kasuwa?

Sau da yawa akan ji 'yan gari na ƙorafin cewa baƙi sun karya farashin ƙodago. To, a lura, baƙo ba son ƙaramin lada yake yi ba, rashin sanin gari da yunwa ne suka sa ya karɓa. Manzon Allah ya hana a tari ayarin fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Wanda ya tari yaro a tashar mota ya yanka masa rabin abin da ake biya, ya kama hanyar wannan laifi. Mai gidan ne ya ci riba, ya kwari baƙo, ya kuma hana ɗan gari aiki. Da za a biya kowa daidai, da gasar ta koma kan ƙwazo da riƙon amana.

Tarihi ma ya nuna cewa korar baƙi ba ta warkar da talauci. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙin da ba su da takardu, cikinsu har da Hausawa da Yarbawa masu yawa. A Janairun 1983, bayan faɗuwar kuɗin man fetur, Nijeriya ita ma ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, amma matsin bai gushe ba. Wanda ya kora jiya, shi aka kora yau.

Masu Tafiya Ƙasashen Larabawa

'Ya'yan Hausawa su ma baƙi ne a wani wuri. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf an daɗe ana aiki da tsarin kafala, inda zaman ma'aikaci ke rataye a wuyan wanda ya kawo shi. Ƙatar ta soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin sauya aiki a 2020, ta kuma kafa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a 2021. Saudiyya ma ta sassauta nata tsarin a 2021, sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba. Malaman Malikiyya sun ƙididdige abu uku da ba a karɓar lada a kansu, watau rance da lamuni da alfarma. Saboda haka dillalin da ke tatsar ma'aikaci kuɗi kowane wata don kawai ya tsaya masa, ko ubangidan da ke riƙe fasfo don ya hana shi motsi, su sake tunani tun kafin ranar da fasfo ba ya amfani.

Alhasali, duk mai ɗan aiki baƙo ya yanka masa lada a fili, a gaban shaidu in da hali, ya biya a kan lokaci, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ba shi damar salla da hutu, ya dube shi in ya kwanta ciwo. In kuwa guzuri ya yanke masa a hanya, to ya shiga cikin matafiyan da Suratut Tauba ta ba su rabo a zakka.

Allah ya sa a dace, ya kare kowa daga cin hakkin wanda ba shi da gata sai Shi. Allah ne mafi sani.