Kalmomin Da Mai Neman Aiki Zai Gamu Da Su

Ko wace shekara in kaka ta wuce, an zuba hatsi a rumbu, samari da yawa na Turawa da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye da Rogo su kan fita neman abin yi. Waɗansu su kan tsaya a bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, su kama su ko noman rani. Waɗansu kuwa sai Kano, ko dai wajen masu sana'a a cikin birni, ko masana'antun Bompai da Sharaɗa. Wannan fita ita ce cin rani. Duk inda mai cin rani ya nufa zai ji ana kiran aiki da sunaye iri iri, ko wane suna kuwa da irin hakkin da ke bayansa.

Ƙodago shi ne aikin yini, a biya mutum ladansa da maraice. Jinga kuwa ciniki a ke yi a kan aikin gaba ɗaya, kamar noman gona guda ko yankan rake, ko an gama cikin kwana biyu ko biyar kuɗin ba ya sākewa. Albashi shi ne abin da a ke biyan ma'aikaci wata wata. Bambancin nan ba na suna kaɗai ba ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta yanka naira 30,000 a 2019, aka mai da shi 70,000 a 2024, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta sa wa ma'aikatanta 71,000 a shekarar. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi ɗan jinga ko mai aikin gona na ɗan lokaci ba. Saboda haka wanda ya tafi ƙodago ba shi da madogara sai cinikin da ya yi da bakinsa, lalle ne kuwa ya yi shi a gaban shaidu tun bai ɗauki fartanya ba.

Mai albashi shi yana da takarda. Dokar Ƙodago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce kafin wata uku su cika, watau irin aikin, da yawan albashi, da lokacin biya, da hutu. Haka kuma ba a sallamarsa sai da sanarwa: mako guda ga wanda ya wuce wata uku, mako biyu ga wanda ya kai shekara biyu, wata guda ga wanda ya kai biyar.

Kalmar da ta fi bukatar a tsaya a kanta ita ce ɗan koyo. Yadda aka saba, uba ya kan ɗauki ɗansa ya kai wa tela, ko kafinta, ko makaniki, ya ba da goro, ya ce ga amana. Yaro ya fara da shara da aike da miƙa kayan aiki, sannu a hankali a sake masa hannu, ran da maigidansa ya ga ya ƙware a yaye shi. Ta wannan hanya ce galibin masu sana'ar ƙasar nan suka iya abin da suka iya, ba kuwa abin rainawa ba ce. Aibinta ɗaya, ba a cika yanka ranar yaye ba, har a kan sami saurayi ya daɗe da iya aiki amma yana nan da sunan yaron shago. Doka ta yi maganin wannan. Yaron da ya wuce shekara 12 bai kai 16 ba, uba ko waliyyi ne zai ba da shi, wanda ya kai 16 kuwa yana iya ba da kansa. Ko wanne ne dai koyon ba zai wuce shekara biyar ba, a rubuta yarjejeniyar, jami'in ƙodago ya shaida. Ko da iyaye ba su sami zuwa ofis ba, babu abin da ya hana su faɗin shekarun tun ranar da a ke raba goro.

Bayan yaye sai zancen satifiket, domin kamfani da gwamnati ba su san hannun mutum ba sai sun ga takardarsa. Ma'aikatar Ƙodago ta Tarayya tana yi wa masu sana'a jarrabawa mai daraja uku, a fara daga ta uku a hau zuwa ta ɗaya, wanda ya koya a shago ma yana iya shiga. Ɗaliban makarantun koyon sana'a, irin na Kano da Bagauda, su jarrabawar hukumar NABTEB su ke ɗauka, wadda aka kafa a 1992. Akwai kuma hukumar samar da aikin yi, NDE, tun 1986, wadda ta kan rarraba matasa ga masu sana'a su koya.

Saura rashin aiki, kalmar da ma'anarta a ofis ta bambanta da ta kasuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da shi. A 2023 ta sake ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na sa'a ɗaya ne cikin kwana bakwai mai aiki ne, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. Ba ayyuka ne suka ƙaru haka ba, mudun ne aka sake. A wannan lissafi, saurayin Turawa da ya kama kifi ran Laraba ya sayar, sa'an nan ya zauna sauran kwana shida, yana cikin masu aiki.