Yadda Ake Ƙidayar Adashe da Gayya a Ƙasar Daura

A Oktoban 2018 masana ƙididdigar ƙwadago suka hallara a Janiba suka tsara ƙa'idojin ƙidayar ƙungiyoyin gama kai. A Afrilun 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri kan tattalin arzikin taimakon juna. Duk wannan a takarda ne. Malamin ƙidayar da aka turo Sandamu ko Zango shi ya san inda gizo ke saƙar.

Da gaisuwa ake farawa: hakimi, dagaci, mai unguwa. Wanda ya tsallake su ya tsaya shan rana a ƙofar gida. Dole kuma a yi ta nanata cewa ba maganar haraji ba ce, domin ko da yake Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali tun Daura na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, har yau dattijo ya ga baƙo da littafi sai awakinsa su ragu.

Daga nan sai rajistar ƙungiyoyi. Wannan mai sauƙi ce, in dai an tuna cewa wasu an kafa su ne don karɓar taki ko rance, aka raba, kowa ya kama gabansa. Tambaya ɗaya ke tona su: yaushe kuka yi taron ƙarshe?

Adashe ne ke kayar da sabon shiga. Ba shi da rajista, kuma galibinsa yana cikin gida inda namiji ba ya shiga, shi ya sa aikin ba ya yiwuwa sai da mata. Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa, ta rubuta kan ɓoyayyar kasuwa ta matan kulle.

Uwar adashe ba mutane take lissafawa ba, hannu take lissafawa. A ce ta ce hannu ashirin ne. Wata mai ƙuli-ƙuli tana da hannu uku, kishiyoyi biyu sun haɗa hannu ɗaya, wata kuma da sunan jaririyarta take zubi. Wanda ya rubuta mata ashirin ya yi kuskure, ƙila sha biyar ne. Gwanar aiki takan zauna a tabarma ta ce, "Inna, a kira mini su ɗaya bayan ɗaya," tana jan layi ƙarƙashin duk sunan da ya maimaitu. Haka nan ba a tara zubi da kwasa wuri guda, kuɗi ɗaya ne ke zagayawa. Shi kuwa mai bin rumfuna kullum yana karɓar ajiya, ya cire zubin rana ɗaya a ƙarshen wata, sana'a yake yi, shafinsa daban.

Ranar Lahadi ba a neman magidanta, sun tafi kasuwar Mai'aduwa.

Gayya ba ta da rasit. Sai a tambayi mutum nawa suka fito noman, wuni ne ko zuwa azahar, a kimanta da kuɗin ƙodago na wannan damina, a rubuta furar da mai gona ya ciyar a gefe. Sau da yawa mai gonar ba ya tuna adadin mutanen, sai an aika cikin gida an tambayi wadda ta dama furar.