Yadda Baƙin Mai Ya Kashe Fatar Wasa Aska

Mai wannan rubutu wanzami ne ɗan wanzami, kuma fatar da yake wasa aska a kanta gadon mahaifinsa ce. Ƙirgi ne da aka jeme da bagaruwa, ya yi duhu ya yi sulɓi saboda shekarun da tafin hannu ya yi yana shafarsa. A hunturun da ya wuce, yaron da yake koya wa sana'a ya kashe fatar nan cikin kwana uku.

Tafiya ce ta kama maigidan, ya bar wa yaron zabira. Iska ta busar da fatar ta ɗan yi tauri, sai wani mai aski na bakin tasha, irin waɗanda suka sayi aska jiya yau suke ba da fatawa, ya ce masa ya shafa mata baƙin mai. Yaro ya je wurin bakanike ya samo a gwangwani, ya lafta mata, ya rataye ta a ƙofar zaure wai ta sha. Nan ta kwana biyu ƙura na manne mata.

Maigidan ya dawo da daddare, washegari kuma akwai suna a unguwa. Da sassafe yaron ya wasa aska ya miƙo. Kakar jaririya ta zauna ta tallabo kan yarinyar, aka jiƙa gashi da ruwa da sabulu. Jan farko askar ta fizgi gashi maimakon ta yanke, yarinya ta tsala ihu, jini ya ɗan tsattsafo a saman kunne.

"Wanzam, lafiya? Ba haka muka san hannunka ba," in ji tsohuwar.

Ya ajiye askar, ya ɓare sabuwar reza ya ƙarasa. Ciwon bai kai ƙwayar gero ba, amma kwana bakwai ne yarinyar nan a duniya, kuma har yau abin na ci masa rai. Da suka koma gida ya shafa fatar da yatsa, ya ji danƙo, ya ji tsakuwa-tsakuwa, ga yanka nan birjik inda yaron ya riƙa tura baki gaba. Da ya tambaye shi, abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, na ga ta bushe ne."

Baƙin mai cike yake da toka da ɓurɓushin ƙarfen inji. Idan ya haɗu da ƙurar hunturu, fatar ta zama takardar goge katako, kowane ja sai ta ci bakin aska. Man gyaɗa da manja ma ba su da wuri a nan: suna yin danƙo, suna yin ɗoyi, suna kama ƙura. Fatar da ake aiki da ita kullum, tafin hannu ya ishe ta. In ta bushe ƙwarai, man kaɗanya kamar ƙwayar wake, a murza shi a hannu tukuna, a shafa, a bar ta ta kwana a ɗaki. A ɗaki, ba a ƙofar zaure ba.

Wajen wasawa kuwa, gadon aska ne ke shiga gaba, baki na biye. A kan gadon ake juyawa. A ja fatar ta miƙe sosai, don in ta yi lanƙwasa sai ta dakusar da baki. Kada a danna. Kada a naɗe ta a cusa cikin zabira, kada a wanke ta a shanya a rana.

Akwai kuma wanda ya fi duk waɗannan muni, kuma tsofaffin hannu ma suna yi: a gama aski, a ga ɗan jini a baki, a goge a jikin fata a kira na gaba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7, ko fiye. Fata ba ta dahuwa, ba ta shiga ruwan magani, abin da ta sha ta riƙe ke nan. Aska sai an wanke ta, an tsoma ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta bushe, sannan ta taɓa fata. Kuma masu kawo 'ya'yansu suna ta "yi sauri, Wanzam, baƙi na jira", su ma suna da laifi a wannan.

Ƙaramin yanka a jikin ƙirgi ana iya manne shi, a goge da takardar yashi mai laushi. Amma man da ya ratsa ƙirgi har ciki ba ya fita, an goge an kankare duk a banza. Maigidan ya je wurin dukawa a Ƙofar Wambai aka yanko masa sabuwa, tana nan da tauri, kullum sai ya murza ta da hannu. Yaron kuwa an ba shi tsohuwar ɗamara da dakusasshiyar aska, a kansu yake koyon juyawa kowace safiya kafin a buɗe zaure.