KIWON KAJI A TSARE

A zamanin iyayenmu ba a koya wa mutum kiwon kaza. Da asuba a kan buɗe akurki, a watsa ɗan tsaki, kaji su bazu cikin gari, da magariba su komo da kansu. Amma yanzu da yawa daga cikinmu muna zaune a Jos, ko Kaduna, ko Zariya, inda gida ya ke manne da gida, mota da babur suna wucewa a bakin ƙofa. A ƙauye ma, idan damina ta faɗi aka yi shuka, kazar da ta shiga gonar maƙwabci ta tone iri ta kan jawo maganar da ba ta mutuwa da wuri. Mun sha ganin gidaje biyu sun daina gaisuwa saboda zakara ɗaya da lambun tumatir. Domin wannan mutane da yawa sun koma tsare kajinsu, daidai ne kuwa.

Sai dai, 'yan'uwa, mu lura da abu ɗaya tun daga farko. Kazar da ta ke yawo ita ke nema wa kanta inuwa, da ƙwari, da ɗanyen ganye, da tsakuwa, da ƙurar da za ta yi birgima a ciki. Idan shirwa ta kawo sura, sai ta ruga ƙarƙashin rumbu. Ran da mu ka rufe ta mun raba ta da waɗannan duka, sun kuwa zama bashi a wuyanmu. Wanda ya rufe kaza bai biya wannan bashi ba, ba kiwo ya ke yi ba, kurkuku ya buɗe.

Mu fara da wuri. Kowace babbar kaza tana bukatar wajen murabba'in ƙafa 4 a ɗakin kwana, da wajen murabba'in ƙafa 10 a filin da aka kewaye mata. Wato kaji 10 za su so ɗaki mai ƙafa 5 a faɗi da 8 a tsawo, da fili mai ƙafa 10 kowane gefe. Wanda filinsa bai kai haka ba, ya rage kajin. Kaji 6 masu walwala sun fi 15 da ke tattake juna ƙwai da lafiya. A gicciye sanda a ɗakin, kamar ƙafa 2 daga ƙasa, gama kaza ta fi son kwana a bisa. A ajiye kuma kwando ko fasasshiyar tukunya da ciyawa a ciki a lungu mai duhu domin saka ƙwai, ɗaya ga kaji 4 ko 5. A daɓe a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi mai kaurin inci 3 ko 4, a riƙa motsa shi, idan ya jiƙe a kwashe. Taki ne mai kyau ga lambu.

Kaza ba ta yin gumi. Idan mu ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fikafikai, zafi ne ya dame ta. Rufin kwano a watan Maris da Afrilu ya kan mai da ɗaki murhu, sai a ɗora masa ciyawa ko kara. Da hunturu kuwa kuskuren da aka fi yi shi ne toshe kowace kafa don tausayi. Warin kashinsu ya fi sanyin cutarwa. A tare gefen arewa maso gabas da zana, inda iskar ke fitowa, a bar sama a buɗe. Mu shiga ɗakin da safe mu tsuguna daidai tsawon kaza. Idan wari ya sa mana hawaye, to, su a cikinsa su ka kwana.

Batun tsaro ya fi nauyi a kan kazar da ke tsare, domin ba ta da wurin gudu. Muzurun da zai kama ɗaya a waje, idan ya sami shiga ɗaki ya kan yi ɓarna mai yawa a dare guda. Ragar waya mai manyan idanu tana hana kaza fita, amma ba ta hana ɓera da maciji shiga. Daga ƙasa zuwa gwiwa a sa mai ƙananan idanu, kamar rabin inci, a binne gindinta ƙafa ɗaya a ƙasa saboda gafiya da kare masu tono. Saman filin a rufe shi da raga saboda shirwa da shaho. Maciji kuwa yawanci ƙwai da ɓera ya ke bi, don haka a kwashe ƙwai kullum, kada kuma a bar abinci ya kwana a kasko. Mai ƙafa biyu ma yana nan, musamman idan Kirsimeti ko Salla ta gabato. Kwaɗo a ƙofa ya fi arha bisa ga zakara.

Ga abinci, dawa ko masara zalla ba su isa ba. Su kan sa kaza ta yi kitse, ƙwai ya ragu. Mai saka ƙwai ta kan ci kamar giram 110 zuwa 120 a yini, ta kuma sha ruwa wajen ninki biyu na wannan, fiye da haka ma da bazara. Wanda ba shi da halin sayen haɗaɗɗen abinci na buhu, ya gauraya tsaki da dusa, ya ƙara dakakken ƙuli-ƙuli ko waken suya. Amma waken sai an soya shi tukuna, gama ɗanyensa ba ya narkewa da kyau a cikinsu. Hatsin da ya yi funfuna kada a ba su da sunan tattali, guba ne. Domin ɓawon ƙwai ya yi ƙarfi, a ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwan kansa a niƙe shi lilis yadda ba za su gane shi ba, kada su koyi shan ƙwai. A ajiye musu kuma yashi mai tsakuwa a gwangwani. Kaza ba ta da haƙori, da tsakuwar nan ƙundunta ke niƙa.

Yanzu mu zo kan abin da mutane su kan yi wa dariya, wato jin daɗin kaza. Kaza a sake ta kan ɓatar da yawancin yininta wajen tono da tsince-tsince. Idan aka zuba mata abinci a kasko ta cinye cikin ɗan lokaci, me za ta yi da sauran yinin? Sai ta juya kan 'yar'uwarta. Ta fara figar gashi, daga nan jini ya fito, da sauran sun ga ja kuwa sai su taru a kanta har su kashe. Wadda ta ji rauni a fitar da ita nan da nan sai ta warke. Amma maganin gaskiya shi ne a ba su aiki. A watsa tafin hannu ɗaya na hatsi cikin ɓuntu da yamma su yi ta tono. A ɗaure damin zogale ko alayyafo da igiya, a rataye daidai kansu. Akwai kuma tsohuwar dabarar kakanninmu: a cika tukunya da guntayen kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta a hanyar gara, kashegari da sassafe a juye musu. Wanda bai taɓa ganin kaji a kan gara ba bai san murnar kaza ba. A wani lungu busasshe a tara yashi da tokar itace domin birgima. Wankansu ke nan, yana kuwa rage musu ƙwarƙwata da ƙuma. Kaskon abinci ya zama biyu, nesa da juna, domin a kowane garke akwai uwargida mai korar na baya. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Biyu a ƙaramin fili, kullum dambe.

Tsarewa tana rage cuta, amma idan cuta ta shiga, ba ta barin kowa. Babbar mai share akurki ita ce fakat, wadda likitoci ke kira Newcastle, ta fi yawa da hunturu. Kaza ta kan takure, ta yi koren zawo, ta yi numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani. Kafso ja da rawaya da a ke kwancewa a ruwa asarar kuɗi ne a kanta. Rigakafi ne kaɗai. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta ke wurin tun 1924, tana yin allurar, har da irin da a ke kira I-2 mai jure zafi, wadda a ke ɗiga wa kaza ɗigo ɗaya a ido kowane wata 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai maƙwabta su haɗa kai, su kuma tabbata an yi kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo kyauta, a ware ta aƙalla mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma tsuntsayen daji kada a bar su su sha. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a Fabrairu 2006 mun san dalili. Idan kaji da yawa su ka mutu farat ɗaya, kada a ci, kada a sayar. A sanar da likitan dabbobi, a binne su da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Saura sabo. Kazar da ta saba da mai ita ba don sha'awa kaɗai ba ce. Ita ce za a iya ɗagawa a duba ƙarƙashin fiffike, a taɓa ƙashin ƙirji a ji ko ta rame, a ɗiga mata rigakafi ba tare da an tashi ƙura ba. Hanyar kuwa haƙuri ne. Mutum ɗaya ya riƙa ba su abinci, a lokaci ɗaya, da kira iri ɗaya, ko da ƙwanƙwasa kwano ne. Ya tsuguna, ya miƙa hatsi a tafin hannu, ya yi shiru. Kada hannu ya sauko musu daga bisa, gama haka shirwa ke zuwa. Mai gardama a bar ta sai dare, a ɗauke ta daga kan sanda a hankali, hannu biyu a kan fikafikai, a rungume ta a jiki. Riƙon kaza ta ƙafa kai a ƙasa, yadda a ke yi a kasuwa, yana wahalar da numfashinta, ba ta kuwa mantawa da wuri. 'Yan tsaki su ne su ka fi saurin sabo, idan ana taɓa su kaɗan kaɗan tun suna kwanaki.

Yara su kan iya wannan aiki fiye da manya, muddin an hana su guje-guje da ihu a cikin fili. Sai dai sabo da kaza ba ya hana yanka, yaro kuwa bai san wannan ba tukuna. Gara a nuna masa tun zakarun suna ƙanana wanne ne na Kirsimeti, wanne ne na kuɗin makaranta, a kuma ba shi kaza mace guda ta zama tasa, wadda za a bari ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe masa bayan kwana 21.