Lasisin Tuƙi: A Zauna Jarrabawa, Kada A Saya

Duk shekara da zarar Satumba ta kama, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda aka fi sani da 'yan rod sefti, sukan bi tashoshin mota suna jan kunnen direbobi har ƙarshen Disamba. Tun 1988 aka kafa hukumar, amma har gobe akwai mutumin da ke ci mata tuwo a ƙwarya, wato direban da ke yawo da lasisi alhali bai taɓa zama jarrabawa ba. Mu mutanen Bagwai maganar ta shafe mu, don samarinmu da dama sun rungumi sitiyari: wannan na kwasar albasa da tumatir daga bakin dam ɗin Watari, wancan na jigilar fasinja zuwa Bichi da Kano.

Hanyar gaskiya ba ɓoyayya ba ce. Wanda ya cika shekara 18 zai shiga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya karɓi shaidar kammalawa. Daga nan jami'in duba motoci, wato bi'ayo, ya gwada saninsa na dokokin hanya, ya kuma gwada hannunsa a kan titi. Sai ya biya kuɗi ga hukumar tara haraji ta jiha, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito.

To, ina gizo ke saƙar? Wajen dillalin da zai tare ka a tasha ya ce, "Kawo hoto da kuɗi, ka huta da wahala." Sau da yawa katin da zai kawo maka jabu ne, ran da aka duba lambarsa a kwamfuta sai a tarar babu ita. Ko da na gaske ne ma, me ka sani? Ku dubi yaron da ubansa ya gaji da jiran sauka, ya saya masa allon zayyana a kasuwa. An ɗinka masa riga, an yanka rago, an zaga da shi gidajen dangi, tsofaffi na sa albarka, gwaggonni na guɗa. Allon ya yi kyau, babu mai musu. Amma ranar da liman ya yi tafiya aka ce mai sauka ya shiga gaba, sai gumi ya karyo masa tun a raka'ar farko. Shi wannan kunya kawai zai sha, a sake salla. Mai lasisin saye kuwa, ranar tasa jarrabawar a kan kwana take zuwa, ga tirela ta taho, ga rayukan bayin Allah a bayansa.

Ku iyaye da ku iyayen gida masu motoci, da ku nake. Kun miƙa wa yaron mota makulli don ya iya juya kan mota a tasha, kun kuma ba shi kuɗin dillali da hannunku. In ya take ɗan wani, kada ku ce tsautsayi ne kawai. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuma malamai sun sha faɗa mana cewa azumin kaffarar wata biyu ne a jere. Wannan fa hukuncin kuskure ke nan. Ina ga wanda ya san bai iya ba, ya hau?

Shirin jarrabawar kuma bai kai wahalar noman rani ba. Nemi littafin dokokin hanya. In Turanci na ba ka wuya, sa ƙanenka ɗan sakandare ya riƙa fassara maka bayan sallar isha'i. Alama mai kusurwa uku gargaɗi ce, da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira umarni. Farin layi marar yankewa a tsakiyar titi na nufin kada ka wuce na gabanka. Gudun ƙaramar mota cikin gari kilomita 50 ne a awa, a babbar hanya 80. Za a tambaye ka kan ɗamara, da waya, da lodi fiye da kima. Wannan na ƙarshe ba sai an yi wa Bagwai dogon bayani ba, tun bayan kifewar kwalekwalen Badau a ranar 30 ga Nuwamba 2021.

Ranar gwaji ka yi sammako, ka tafi da lambarka ta ɗan ƙasa da shaidar makaranta, kuma kowane kuɗi ka biya ka karɓi rasit.